Manhajojin Kwaikwayon Na'ura: Shawarwari ga Gidajen Parakou da Djougou

Manhajar kwaikwayo ita ce wadda take sa wayarka ko kwamfutarka ta yi aiki kamar wata na'ura daban, tsohuwa ko sabuwa. Mafi ingancinsu kyauta ne, kuma an bar lambobin gininsu a fili kowa ya duba.

1. Kada ku biya kuɗin manhajar kanta. PPSSPP, wadda yara ke buga ƙwallon PSP da ita a waya, Henrik Rydgård ya fito da ita kyauta a 2012. Akwai ta kuɗi mai suna Gold, amma tallafi ne ga mai aikin, wasa ɗaya suke yi. Idan mai gyaran waya a wajen kasuwar Arzeke ya caje ku, ku sani ladan wahalarsa da datarsa kuke biya.

2. Ku sauke daga shafin masu manhajar. Jabu sun yi yawa, cike da talla, wasu har suna neman izinin karanta saƙonni. Wayar da maigida ke ajiye kuɗin MoMo a cikinta bai kamata ta zama filin gwajin yara ba.

3. Wannan ta 'yan kasuwa ce, kuma ita ta fi muhimmanci a wurina. Da yawa suna da tsohuwar manhajar lissafin shago ko ta injin buga takardu da ba ta tashi sai a Windows XP. Microsoft ya daina kula da XP tun Afrilun 2014, Windows 7 kuma tun Janairun 2020. Mafita ita ce VirtualBox ko QEMU, wadda Bafaranshen nan Fabrice Bellard ya fara a 2003: a gina tsohuwar Windows a cikin sabuwar kwamfuta, a zuba manhajar shagon ciki, a rufe mata hanyar intanet gaba ɗaya. Dukkanta fayil guda take zama, don haka a kwafe shi a filas a ajiye a gida. Ko kwamfutar ta mutu, littafin bashi yana nan. In tsohuwar Windows ɗin ta ƙi tashi, sau da yawa wani saiti mai suna VT-x ne ba a kunna ba a BIOS. Mai gyara zai yi shi cikin mintuna.

4. Ku auna ƙarfin na'urarku. Manhajar kwaikwayo ta DOSBox da wasannin Nintendo na da ba sa neman ƙarfi sosai. PCSX2 ta PlayStation 2 da Dolphin kuwa suna wahalar da tsohuwar kwamfuta, ta yi zafi, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka.

5. Allunan madannai da suka fi yawa a Benin tsarin Faransanci ne, AZERTY. In kun danna A sai Q ya fito a DOSBox, ku rubuta keyb fr.

6. Ku koya wa yara ajiye wasa a daidai inda suke. Yawancin manhajojin nan suna da wannan, kuma yana rage kuka idan aka ɗauke wuta.

7. Manhajar daban, wasannin daban. Mafi yawan wasanni da Windows kanta suna da masu haƙƙi. A 2024 masu wata manhajar kwaikwayo mai suna Yuzu sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 suka rufe aikin. Mai shagon wasa a Zongo da ke karɓar kuɗi a hannun yara ya fi mai wasa a ɗakinsa buƙatar kula da wannan.