DARASI: SHUGABA DA GUNAGUNIN MABIYANSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, idan aka ɗora maka shugabancin 'yan agaji, ko kula da makarantar dare, ko sakatarancin reshe, ka sani akwai ranar da za ka ji an ce ana magana a kanka a bayan ido. Abin da za ka yi a wannan rana shi ne darasinmu.

A watan Shawwal, shekara ta 8 bayan Hijira, aka yi yaƙin Hunaini. Aka tara ganima mai yawa a Ji'irana. Da Annabi (S.A.W.) ya zo rabo, sai ya fifita sababbin shiga Musulunci domin ya rarrashi zukatansu. Abu Sufyan ɗan Harbu ya sami raƙuma 100, haka Uyaina ɗan Hisnu, haka Aƙra'u ɗan Habis. Mutanen Madina kuwa, Ansaru, waɗanda suka amsa kira lokacin da runduna ta watse, ba su sami komai ba. Sai magana ta tashi, cewa an tuna da dangi an manta da waɗanda suka yi aikin. Ruwayar Anas ɗan Malik a Bukhari ta nuna masu ƙananan shekaru ne suka faɗi haka, ba dattawa ba. Samari ne irinka.

Sa'adu ɗan Ubada, shugaban Khazraj, ya je ya sanar da Annabi. Da aka tambaye shi matsayinsa, bai ɓoye ba, ya nuna shi ma ɗaya ne daga cikin mutanensa. Ba a tsawatar masa ba. Ka tsaya nan tukuna. Shugabanni da yawa a cikinmu, wanda ya kawo musu ƙorafi shi ne abokin gaba na farko, sai a ce ya fara rawa, ko an saye shi. Daga nan kowa sai ya kama bakinsa, shugaba ya zauna yana tsammanin lafiya lau, alhali gara tana cin ginin ta ƙasa.

Annabi bai hau mumbari ya yi habaici ba, bai kuma sa a binciko masa sunayen masu maganar ba. Ya sa aka tara Ansaru su kaɗai a cikin wata hema ta fata, ya tambaye su abin da ya ji. Ya tuna musu ni'imar Allah: shiriya bayan ɓata, haɗin kai bayan gabar Aus da Khazraj, wadata bayan talauci. Sannan ya yi abin da yake da wuya ga mai mulki, wato shi da kansa ya lissafa alherinsu gare shi, cewa sun gaskata shi lokacin da aka ƙaryata shi, sun ba shi masauki lokacin da aka kore shi, sun taimake shi lokacin da aka yashe shi. Hujjar da kunya ta hana su faɗa, shi ya faɗe ta a madadinsu. Ya bayyana musu dalilin rabon, ya nuna musu wasu za su koma gida da tumaki da raƙuma, su kuwa da Manzon Allah za su koma. Suka yi kuka har gemunansu suka jiƙe.

Lura fa, ko raƙumi ɗaya ba a ƙwace aka ba su ba. Rabo yana nan yadda yake. Ashe abin da ke ci musu rai shi ne tsoron ko an daina yi da su.

To, kai fa? An tashi tafiya wa'azi wani gari, mota ɗaya ce, kujeru ba su isa ba. Ka ɗauki wasu da suka shigo jiya domin ka jawo su, ka bar wanda ya shekara yana share masallaci yana ɗaukar lasifika a ka. Mai yiwuwa zaɓinka daidai ne. Amma in ba ka kira shi gefe ka gaya masa dalili ba, Shaiɗan zai gaya masa nasa dalilin. Kuma kada ka ce ai don Allah yake yi, ba ya bukatar godiya. Ikhlasi tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ambaton alherinsa kuwa nauyi ne a wuyanka. Wallahi abin kunya ne mu iya tsayuwar awa biyu muna yi wa jama'a bayanin Sunna, amma mu kasa zaman minti goma da ɗan'uwan da ya yi fushi.

Ka karanta aya ta 159 a Suratu Ali Imrana tare da malaminka. Bayan Uhudu ta sauka, bayan wasu sun saɓa umarni har aka ji ciwo, amma abin da aka umarci Annabi a cikinta shi ne yafe musu, da nema musu gafara, da ci gaba da shawara da su.

Kafin darasi na gaba, ka duba cikin waɗanda ke ƙarƙashinka, wane ne ya rage zuwa taro ba tare da uzuri ba. Kada ka aika masa takarda. Ka taka da ƙafarka har ƙofar gidansu bayan sallar Isha'i, ka yi sallama, ka bar shi ya gama maganarsa kafin ka fara taka.