Yadda Ake Shirya Wurin Wasan Yara a Ɗakin Karatu

Yaro ɗan shekara uku zuwa biyar da hannu yake fara koyo: ya taɓa, ya zuba, ya jera, ya rushe. A kan wannan Maria Montessori ta kafa makarantarta a Roma a 1907. Mu ma a Bilbis, Tsafe, Bungudu ko Gusau za mu iya tanadar wa yaranmu irin wannan wuri a ɗakin karatu, ko a aji ɗaya na firamare, ba tare da sayo kayan waje ba.

1. Wuri. A zaɓi kusurwa mai haske da iska, nesa da manya masu nazari. A share, a shimfiɗa tabarmi, a ajiye ruwa da sabulu a bakin ƙofa.

2. Kaya. A tara kara, yumɓu, ƙore, ludayi, faifai, murafan kwalba manya, ƙyallayen tela, allo da alli. Da kara yaro zai ƙera mota, da yumɓu ya gina tukunya ko saniya, da ƙwarya da yashi ya gane cike da rabi.

3. Tantancewa. Nan ne ba a sakaci. Duk abin da zai shige bakin yaro, kamar ƙwallon dabino ko tsakuwa, a cire shi. A kankare kaifin kara. Yashi da yumɓu kuwa, kada a ɗebo su kusa da inda ake haƙar zinariya ko niƙa dutsenta. Gubar dalma da ta bayyana a irin waɗannan wurare a Anka da Bukkuyum a 2010 ta kashe yara ɗaruruwa, kuma ta ƙasa da ƙura ta shiga jikinsu.

4. Jerawa. A raba wurin uku: na gini, na awo da ƙirga, na littafi. Kowane kaya da kwandonsa, a ƙasa inda hannun yaro zai kai, an manna hotonsa da sunansa da boko da ajami.

5. Mai kula. A samu malama ko uwa mai haƙuri, ba mai bulala ba. Aikinta tambaya ne: "Me ka gina? Ƙafafunta nawa?" Kada ta karɓe aikin ta gyara masa.

6. Haɗawa da littafi. Bayan wasa a zauna da'ira, a yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko a karanta labari mai hotuna, sannan kowa ya gina abin da ya ji. Ta haka yaro ke gane cewa abin da ke takarda da abin da ke hannunsa ɗaya ne.

7. Tashi. Yara su mayar da kaya da kansu, su wanke hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da kaka kara ke wadata, don haka lokacin ne iyaye da malamai za su tara na shekara, su adana inda gara da ruwa ba za su kai ba.