Tambaya da Amsa: Girgizar Ƙasa da Dam ɗin Bakolori

Tambaya: Ni manomin shinkafa ne a ƙarƙashin dam ɗin Bakolori. Tun da ƙasa ta motsa a Mpape ta Abuja a 2018 hankalina bai kwanta ba. Ɗana da ke jami'a ya ce akwai wani lissafi, wai fazi lojik, da ake auna haɗarin girgizar ƙasa da shi. Lissafin zai iya faɗa mana ranar da za a yi girgizar? Daga wani manomi a Talata Mafara.

Amsa: Alhaji, ranar dai babu mai faɗa maka ita, ko a Japan. Ɗanka bai yi ƙarya ba, amma wannan lissafi ba duba ba ne.

Lotfi Zadeh ne ya fito da shi a 1965 a Amurka, sai dai kai ma ka san tushensa. In ka gangaro daga jigawa zuwa fadama, a wace kunya jigawa ta ƙare? Akwai inda za ka dunƙula ƙasa a hannu ta kama, ka buɗe tafinka rabinta ya wargaje. Lissafin da muka saba sai ya ce ko jigawa ce ko fadama. Shi kuwa wannan ya yarda a ce fadama ce da 0.7, tsakanin sifili da ɗaya. Ni lissafin tsaka-tsaki nake ce masa.

Haka mai auna haɗari yake fama. Yana son sanin laushin ƙasa, don laka ta fi dutse kaɗuwa, da kuma nisan wuri daga tsagar dutsen ƙarƙashin ƙasa, irin tsohuwar tsagar nan ta wajen Anka da Yawuri. To, wane nisa ne "kusa"? Ga shi na'urorinmu kaɗan ne, duk da ƙoƙarin cibiyar auna motsin ƙasa ta Toro a Bauchi, tarihin da aka rubuta kuma gajere. Sai a ba kowane abu makinsa, a gindaya sharuɗɗa: in ƙasa laka ce kuma tsaga na kusa, haɗari ya ɗaga. Kwamfuta ta haɗa su ta fitar da taswira.

Inda nake taka-tsantsan shi ne, mutum ne ke yanka makin. Masana biyu na iya zama su fito da taswira biyu.

Bakolori, da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, yana nesa da inda manyan fala-falan ƙasa ke gogayya, don haka haɗarin ƙanƙani ne. Ban ce babu ba. Ƙasar Gini ma ana ganin ta haka, sai girgizar 1983 ta kashe ɗaruruwan mutane. Amma da ni ne kai, ruwan Agusta da yashin da ke cike dam za su fi hana ni barci.