Tayar mota a ƙafar bayan babur: za ta yi kuwa?

A Sukuntuni da sauran ƙauyukan Kankia da Kusada, babur shi ne jakinmu na yau. Da shi muke kai hatsi kasuwa, da shi muke ɗauko taki, da shi kuma muke garzayawa da mai naƙuda asibitin Kankia cikin dare. Duk mai babur ya san cewa tayar baya ce ta fi shan wuya. Ita ke ɗaukar mafi yawan lodi, ita inji ke juyawa, don haka ita ke fara suɗewa. Kuɗin sabuwa kuwa ba wasa ba ne.

Shi ya sa wasu matasanmu suka kawo tambaya. Sun ga bidiyo a waya inda Turawa suka sa tayar mota a bayan babur, suna cewa ta fi daɗewa. Me zai hana mu ma mu yi? Bari mu yi nazarin wannan tare.

Daga ina abin ya fito?

Gaskiya ne wasu suna yi, musamman a Amurka. Yawancinsu masu manyan babura ne irin su Honda Gold Wing, wanda ƙirarsa ta shekarar 2001 ke da inji mai cc sama da 1,800 da nauyi wajen kilo 400. Wilinsa na baya faffaɗa ne, inci 16, kusan kamar na mota. Masu irin wannan babur suna doguwar tafiya a kan miƙaƙƙiyar kwalta, sai suka ga tayar mota ta fi araha kuma ta fi jure tafiya. Duk da haka kamfanonin yin taya da na babura suna gargaɗi kada a yi.

Baburanmu ba haka suke ba. Boxer da Jincheng da ire-irensu ƙanana ne, injinsu cc 100 zuwa 150, hanyarmu kuma yashi ce da kwazazzabai.

Me ya bambanta tayoyin biyu?

Ku ajiye tayar mota da ta babur gefe da gefe ku duba bayansu. Ta mota shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, ta babur kuwa zagayayyiya ce kamar bayan ƙwarya. Akwai dalili. Mota tana shan kwana a tsaye a kan ƙafa huɗu. Babur ba ya shan kwana sai ya karkata. An yi tayarsa zagayayyiya domin ko ya karkata hagu ko dama, zanen taya yana nan a manne da ƙasa.

In aka sa tayar mota, da zarar babur ya karkata sai ta ɗaga, ta tsaya a kan gefenta. Gefen nan ba a yi shi don ɗaukar nauyi a karkace ba. Mai tuƙi zai ji babur yana gardama a kwana. A hanyar da ruwa ya zaizaye kuma, faffaɗar taya tana bin yadda ƙasa ta karkata, ta ja babur inda mai shi bai nufa ba.

Sai maganar girma. Tayar bayan Boxer ƙarami lambarta 3.00-17 ce, wato faɗinta inci 3, wilinta inci 17. Tayar ƙaramar mota mai lamba 175/70 R13 faɗinta ya fi ninki biyu na wannan, wilinta kuma inci 13 ne. Ba za ta shiga ba sai an yanke ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya an yi walda, an kuma gusar da sarƙa da birki. Duk inda aka yanke aka haɗa, nan ne zai iya karyewa ranar da aka yi lodi.

Ko da lambar wili ta zo ɗaya, bakin wilin mota da na babur ba ƙira ɗaya ba ne. Mai faci zai yi ta dura iska fiye da kima don taya ta zauna, tana kuma iya fashewa a fuskarsa. In ma ta zauna, tana iya subucewa daga wili ana cikin gudu.

Inda shimfiɗaɗɗiyar taya take da amfani

Abin hawan da ba ya karkata a kwana shi ya dace da ita. Ku duba Keke Napep da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya: tayoyinsu na baya shimfiɗaɗɗu ne, don a tsaye suke juyawa. Haka amalanken shanu da kurar ruwa. Idan muna da tsohuwar tayar mota mai sauran ƙarfi, amalanke ne wurinta. In ta gama aiki a can, a yanka takalmi ko a dasa kayan miya a ciki.

Ainihin matsalarmu lodi ce

Kowace taya tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka, kuma an rubuta shi a jikinta. Bayan lambar girma za ku ga wata lamba da harafi, misali 50P. Lamba 50 tana nufin kilo 190. Lamba 47 kilo 175 ce, 52 kuma kilo 200.

Mu yi lissafi. Buhun masara babba kilo 100 ne. Buhu biyu a kujerar baya kilo 200 ke nan, kusan duka a kan tayar baya, ba a sa nauyin mai tuƙi da na babur ɗin kansa ba. Mun riga mun wuce iyaka tun kafin mu bar ƙofar gida. Taya mai lodi fiye da kima tana zafi, tana cinyewa da sauri, tana kuma fashewa ba zato. Sawu biyu da buhu ɗaiɗai ya fi kwana a asibiti sauƙin kuɗi.

Yadda za mu sa tayar baya ta daɗe

• Mu sayi girman da aka rubuta a kan tayar da babur ya zo da ita. Don aikin kaya, mu nemi mai alamar 6PR ko 8PR, sun fi 4PR ƙarfin jiki.

• Mu duba shekarunta. Tun shekarar 2000 ana buga lamba huɗu a gefen taya. 2322 tana nufin mako na 23 na shekarar 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Kamfanin Michelin yana cewa a riƙa bincikar taya kowace shekara in ta kai biyar, a cire ta in ta kai goma. A zafin rana irin namu ba za mu jira har goma ba.

• Mu yi hankali da tayar gwanjo. Zane mai kyau ba ya nuna ƙarfin ciki. In akwai tsagewa a gefe ko kumburi, mu bar ta.

• Mu auna iska da geji kowane mako, da safe kafin taya ta yi zafi. Matsawa da yatsa ba awo ba ne. Ga yawancin ƙananan babura, gaba tana son wajen 25, baya 28, ko 32 in da fasinja. Mu bi abin da aka rubuta a jikin babur ko a littafinsa. Ƙarancin iska shi ya fi kashe taya.

• Mu nemi alamar TWI a gefen taya. Tana nuna wani ɗan tudu a cikin zane. In zane ya cinye ya yi daidai da tudun, lokacin canji ya yi.

• Mu sa makanike ya daidaita ƙafar baya duk sa'ad da aka ja sarƙa. Ƙafar da ta goce tana cin taya ta gefe ɗaya.

• Mu riƙa ajiye babur a inuwa.

• Mu ware ɗan kuɗi kowane mako don taya. Masu babura biyar ko goma suna iya yin adashi, kowa ya ɗauki sabuwa in layinsa ya zo, kafin tsohuwar ta kayar da shi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Babura nawa ne a ƙauyenmu ake dogara da su in rashin lafiya ta taso da dare? Yaushe aka duba tayoyinsu?

2. Mu fita waje mu karanta lambobin tayar babur ɗaya tare. Shekararta nawa? Kilo nawa aka yarda ta ɗauka? Kilo nawa muke ɗora mata ranar kasuwa?

3. Wa ke sa mai babur yin lodi fiye da kima, shi kansa ko mu masu kaya da muke ƙin biyan sawu biyu?

4. Akwai kayan da ya kamata mu mayar kan amalanke ko babur mai ƙafa uku? Gidaje nawa za su iya haɗa kuɗi su ɗauki haya tare?

5. Wa a cikinmu zai riƙe gejin iska wanda kowa zai iya ara?