Darasi: Alkali na Kimiyya Ba Alƙalin Kotu Ba Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku ɗalibai, wani ɗan'uwanku da ke shirin jarrabawar WAEC ya kawo mani littafinsa na kemistiri, ya ce: "Malam, ga 'base' ga 'alkali'. Abu ɗaya ne? Kuma me ya kawo alƙali nan?" Na ce masa, alƙalin kotu daga "al-ƙadi" ya samo sunansa. Wannan kuwa daga "al-ƙilyu" ne, wato tokar wasu itatuwa da Larabawa ke yin sabulu da ita. Daga gare su Turawa suka ari kalmar.

To ku lura. "Base" ita ce babbar kalma. Tana nufin duk sinadarin da ke kashe kaifin asid, wato abu mai tsami, har a sami gishiri da ruwa. "Alkali" kuwa ƙarama ce a ƙarƙashinta: shi ne "base" ɗin da ke narkewa cikin ruwa. A ma'aunin pH, ruwansa yana sama da 7.

Malaman manɗiƙi suna kiran irin wannan alaƙa "umumi da khususi muɗlaƙ". Kowane ɗan Aliero ɗan Jihar Kebbi ne, amma ba kowane ɗan Kebbi ne ɗan Aliero ba, don akwai na Jega, akwai na Maiyama. Haka nan kowane "alkali" "base" ne, amma ba kowane "base" ne "alkali" ba. Wanda ya juya wannan a jarrabawa ya faɗi tambayar.

Misalin yana cikin gidajenmu. Idan Inna ta zuba ruwan toka ko kanwa a miyar yakuwa, tsamin yakan mutu. Wannan aikin "alkali" ne. Tsatsar wuƙa kuwa "base" ce: ruwa ba ya narkar da ita, amma lemun tsami yana cinye ta. Saboda haka ba "alkali" ba ce.

Iyaye mata masu haɗa sabulu, a kula. Soda "alkali" ce mai ƙarfi ƙwarai, tana ƙona fata, tana makantarwa. Kada a zuba ruwanta a kwalbar lemo inda yara ke kaiwa. In ta taɓa jiki ko ido, a wanke da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti.

Aikin gida: ku kawo misali ɗaya na "umumi da khususi" daga darasin fiƙihu.

Wallahu a'alamu.