Ciwon da awo ba ya nunawa

Akwai wasu marasa lafiya da muke yawan gani a likita a nan Belbeji, amma ba mu cika maganarsu ba. Mutum zai zo da ciwon kai da ya ƙi jin magani, ko ƙirji na dukan uku-uku, ko ya ce barci ya ƙaurace masa. A yi awon zazzaɓin cizon sauro, babu. A auna hawan jini, lafiya lau. A duba ƙasan ido da tafin hannu, jini bai ragu ba. Sai na ajiye biro na ce, "Inna, lafiya kuwa a gida?" Sai ta yi shiru, ta gyara bakin zane, sannan ta ce, "Majo, yarona ne. Yana Libiya, tun kafin azumi wayarsa ba ta shiga."

Ni ma'aikacin jinya ne, kuma ina so mutanen Damargu su san cewa wannan ciwo ne na gaske. Ba raki ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya, mata sun fi yawa, kuma ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun kulawa.

Zaman rashin tabbas ba baƙonmu ba ne. Damanarmu da ƙyar take cika wata uku, manomi na binne iri a rairayi idonsa na gabas. Tsofaffinmu sun ga farin 1973 da na 1984 da suka share garkuna, mu ma mun ga yunwar 2005 da ta 2010. Sai dai waccan fargaba tana da lokacinta. Da kaka ta yi an san matsayi, ko rumbu ya cika ko bai cika ba, sai a zauna shawara. Ta yanzu ba ta da kaka. Tun da zinariya ta fito a Jado a 2014 samari suka ƙara kwarara arewa, wasu ramin zinariya, wasu Tamanrasset, wasu Sabha. Ga ayarin waɗanda ake korowa daga Aljeriya ana saukewa a Asamaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, takunkumin CEDEAO ya kai har Fabrairun 2024, kaya suka yi tsada, mai aiko da naira daga Kano ya ga kuɗinsa sun narke kafin su koma sefa. Kuma duk labarin nan ta waya yake shigowa, dare da rana. A turo wa uwa hoton gawarwaki a hamada ta WhatsApp, babu wanda ya san na yaushe ne ko na ina ne, ita kuwa ta kwana tana ƙare wa kowace riga kallo.

Jikin ɗan Adam ba ya bambance haɗarin da ke gabansa da wanda yake hasashe. Idan ka taka kusa da maciji a gona, zuciya za ta yi sauri, numfashi ya gajarce, baki ya bushe, jijiyoyi su ɗaure, don ka samu ƙarfin gudu. Maciji ya wuce, jiki ya koma daidai. Mai jiran wayar da ba ta shiga kuwa, nasa macijin ba ya wucewa. Shi ya sa wuya ke riƙewa, ciki ya ƙi abinci, barci ya gagara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin da mutane ke nema wa kansu. Matasa a fada suna haɗa shayi mai kauri da tramol, wai don su manta. Shayin dare na ƙara bugun zuciya yana korar barci, tramol kuwa yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, in ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ƙwayar barcin da masu talla ke sayarwa a kasuwa, irin su diyazefam, ita ma haka take kama jiki. Don Allah kada a saya wa tsohuwa ita don ta daina kuka.

In faɗuwar gaba ta taso har mutum ya ji kamar ransa zai fita, ya samu wuri ya zauna, ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake shi a hankali yana ƙirga shida, ya yi ta maimaitawa. Yawanci tsananin ba ya wuce 'yan mintuna. Amma a fara zuwa a auna, domin ciwon zuciya da ƙarancin jini da maƙoƙo su ma suna zuwa da irin wannan alama.

Shawarar da na fi ba wa muhimmanci kuwa ta kafin tafiya ce. Duk mai shirin cin rani ya tsayar da ranar kira da iyalinsa, a ce kowace Juma'a, ya bar lambar abokin tafiya da ta wanda zai sauka a wurinsa, ya kuma gaya musu gaskiya cewa a ramin zinariya ana iya yin makonni babu rezo. Matar da ta san haka ba za ta ɗauki shirun kwana goma a matsayin mutuwa ba. A gida kuma a daina kwana da waya a ƙarƙashin matashi, kuma hoton da ba ka san asalinsa ba kada ka tura wa mai ɗa a hanya.

Kaɗaici na ƙara wa ciwon nan ƙarfi. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ba asusu kaɗai suke tarawa ba. Na lura matar da ke zuwa zubi kowane mako, tana zama da wasu masu irin jiranta, ta fi saurin samun sauƙi. Addu'a da zikiri suna kwantar da zuciya, ban taɓa hana kowa zuwa wurin malam ba. Roƙona ga malamanmu shi ne su riƙa turo mana wanda suka ga abinsa ya ƙi sauƙi.

Wanda ya yi mako biyu ba barci, ba cin abinci, ya bar gona ko kiwo, ya janye daga mutane, a kawo shi likita. Abin da ya faɗa mana ba zai fita ɗakin ba, kuma in ya fi ƙarfinmu akwai takardar turawa zuwa babban asibitin Damagaram. In kuwa har ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a yi masa faɗa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya daga inda yake, a kawo shi a ranar, kada a jira motar ranar kasuwa.