Darasin Kimiyya: Idan Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Kama Wi-Fi

Wi-Fi hanya ce da na'urori ke aika wa juna bayanai ta igiyar rediyo, ba tare da an jona kebul ba. A Maikujera, da ma Rabah da Wurno da Goronyo, ɗalibin da ya samu tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka galibi daga wayar hannu yake ba ta intanet, wato ya kunna hotspot. Ke nan saƙo zango biyu yake yi: daga eriyar MTN ko Airtel zuwa waya, sannan daga waya zuwa kwamfuta. Gyara yana farawa ne da gano zangon da ya yanke.

Mataki na farko, buɗe shafi a wayar kanta. Idan bai buɗu ba, matsalar sabis ce ko ƙarewar data, kwamfuta ba ta da laifi.

Na biyu, duba kwamfutar. A cikinta akwai ɗan katin Wi-Fi, da siraran wayoyin eriya da suka hau har gefen allo. Tsofaffi da yawa suna da ɗan makunni a gefe, ko maɓalli mai hoton eriya da ake dannawa tare da Fn. Idan a kashe yake, ba sunan wayar da zai fito.

Na uku, mita. Wi-Fi yana tafiya a kan mita biyu sanannu: gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Yawancin tsofaffin katuna 2.4 kaɗai suke ji, kamar akwatin rediyon da ba ya kama FM. Shiga saitin hotspot ka mayar da shi 2.4. Wannan mitar ta ma fi ratsa katangar laka, amma duk da haka ka matso da wayar kusa.

Na huɗu, tsarin tsaro. WPA3 ya fito a 2018, tsohon kati bai san shi ba, shi ya sa yakan ƙi kalmar sirri ko da daidai take. Zaɓi WPA2, kada ka cire kalmar sirrin.

Idan kwamfutar ta haɗu amma shafuka suna ƙin buɗewa, duba kwanan watan da ke kanta. Ƙaramin batirin agogon ciki yakan mutu, shafuka masu tsaro kuma ba sa yarda da kwanan da ya kauce.

Idan duk an bi ba a dace ba, sake ɗora manhajar katin, ko ka jona wayar da kebul na USB ka raba intanet ta nan. Ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, ka gwada, domin ta haka ne za ka san ainihin abin da ya warware matsalar.